Allo Ya Sauya, Ina Mai Biyawa?

Gabatarwa

A makarantar allo ba a taɓa jin an ce allo ya koya wa yaro karatu ba. Allo icce ne aka sassaƙa, alƙalami gamba ce aka feƙe, tawada kuwa gawayi ce da ƙaro. Dukansu kayan aiki ne, ba su yin komai sai malam ya zaunar da yaro a gabansa ya biya masa, ya saurare shi, ya gyara masa harafin da ya karkace, sannan ya ba shi izinin wankewa. Idan karatu ya yi kyau, malam ake yabo. Idan ya lalace, shi ake tuhuma. Babu uban da ya taɓa zuwa ya kama masassaƙi da faɗa don ɗansa ya kasa tilawa.

Yau wani sabon allo ya shigo aji, mai haske, mai magana, wanda kan ɗauke littattafan da suka fi ƙarfin jaki a cikin abin da bai wuce tafin hannu ba. Da zuwansa sai muka manta da abin da kakanninmu suka sani. Muka shiga ƙidayar na'urori, muka daina tambayar wanda zai biya karatun. Tambayar da nake son in bi diddiginta a wannan maƙala ta ɗabi'a ce kafin ta zama ta fasaha: idan aka kawo kwamfuta makaranta, wane haƙƙi malami yake da shi a kan al'umma, wane haƙƙi kuma ɗalibi yake da shi a kan malami? Matsayina shi ne, miƙa wa malami na'ura ba tare da koya masa ba zalunci ne, ƙin koyonta daga ɓangaren malami kuma cin amana ne, sannan ƙwarewar da ake bukata ta wuce iya danne-danne.

Tsohon alkawari cikin sabuwar riga

Fargaba da ɗoki a kan sabon kayan karatu sun girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, Aflatun na ƙasar Girka ya kawo labari ta bakin malaminsa Sokratis, na wani sarkin Misira da aka gabatar masa da rubutu a matsayin maganin mantuwa. Sarkin ya ƙi yarda, yana ganin rubutu zai sa mutane su daina hadda, su yi kama da masu ilimi alhali ba su da shi. A ɗaya gefen kuma, a 1913 Thomas Edison, shahararren maƙirƙirin nan na Amurka, ya yi hasashen cewa ba da jimawa ba majigi zai kori littafi daga makaranta. Rubutu bai kashe ilimi ba, majigi kuma bai kori littafi ba. Mai tsoro da mai ɗoki sun yi tarayya a kuskure guda, wato kallon kayan aiki kamar shi kaɗai ne a ɗakin.

A zamaninmu an sake ɗaukar wannan alkawari. A 2005 Nicholas Negroponte ya ƙaddamar da shirin bai wa kowane yaro ƙaramar kwamfuta mai araha, aka kuma gwada shi a ƙasashe da dama, har da wata firamare a Galadima da ke Abuja a 2007. Ƙasar Peru ta rungumi shirin hannu bibbiyu, ta sayi kwamfutoci fiye da 800,000. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a makarantun karkara 319 na ƙasar. Yara sun iya sarrafa na'urar, an kuma ga ɗan ci gaba a kaifin tunaninsu, amma a lissafi da harshe ba a ga wani bambanci tsakaninsu da waɗanda ba a bai wa ba. A birnin Los Anjalis na Amurka ma, inda ba a kukan wuta ko kuɗi, shirin raba wa ɗalibai iPad da aka fara a 2013 ya ruguje kafin a je ko'ina. Ƙasar Suwidin, wadda ta yi nisa wajen sa na'ura a hannun ƙananan yara, ta waiwayo a 2023 ta sake zuba kuɗi a littattafan takarda. A nan gida, jihar Osun ta raba wa ɗaliban sakandare kwamfutocin hannu da ta kira Opon Imo a 2013, wato allon ilimi, sunan da ya dace ƙwarai da abin da nake magana a kai.

Ban kawo waɗannan misalai don in ce na'ura ba ta da amfani ba. Abin da suke nunawa shi ne, sayen na'ura shi ne ɓangare mafi sauƙi a cikin aikin. Ana iya ƙirga ta, a ɗauki hotonta, a yanke ƙyalle a gabanta. Horar da malami kuwa aiki ne na shekaru, ba shi da hoto, kuma mai yiwuwa wanda ya shuka ba shi zai girba ba. Shi ya sa zuciyar mai mulki ta fi karkata ga abin da ake gani. Sai dai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ruwan cikin makaranta shi ne malami.

Haƙƙin malami a kan al'umma

A shekarar da na yi bautar ƙasa, an tura ni wata sakandaren karkara mai ɗakin kwamfuta. Ɗakin a kulle yake kusan kullum, makulli na aljihun shugaban makaranta, wanda ke tsoron kada wani abu ya lalace a cire daga albashinsa. Akwai wani dattijon malamin lissafi da ya fi shekara 20 yana koyarwa, mutumin da kan warware lissafi mai wuya da alli ɗaya da ƙwallayen giginya har yaro mafi rauni ya gane. An taɓa kai shi bita ta kwana 3 a birni, inda aka haska musu darasi a bango, aka ba su jaka da takardar shaida, ba tare da yatsansa ya taɓa madannai ba. Wata rana bayan an tashi ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, in ka samu sarari ka nuna mini abin nan, amma ba a gaban yara ba." Ban ji alamar lalaci a maganarsa ba. Mutum ne yake kare mutuncin da ya yi shekaru yana ginawa.

Wannan roƙo nasa ya ƙunshi dukkan abin da nake nufi da haƙƙin malami. A al'adarmu girman malami ya dogara a kan cewa ya san abin da ɗalibi bai sani ba. Na'ura ta zo ta juya wannan tsari, domin yaro ɗan shekara 13 da ya tashi da wayar yayansa ya fi malaminsa saurin yatsa. Idan hukuma ta jefa malami cikin wannan hali ba shiri, ta tozarta shi a gaban waɗanda aka ɗora masa tarbiyyarsu. Wanda ya ji tsoron kunya kuwa zai kulle ɗakin, kuma ba za a ga laifinsa sosai ba.

Ƙa'ida ce da addini da hankali suka haɗu a kanta, cewa ba a ɗora wa mutum abin da ba a ba shi ikon yi ba. Duk wanda ya wajabta aiki, ya wajabta wa kansa samar da hanyar yin sa. Malamin da ake bin bashin albashi, wanda zai sayi data daga kuɗin cefane, ya yi cajin waya a shagon kasuwa, idan aka ce masa ya koyar ta intanet, an haɗa shi da abin da ya fi ƙarfinsa. Idan shirin ya faɗi kuma shi za a nuna da yatsa, ɗan kwangilar da ya kawo kayan kuwa ya daɗe da karɓar kuɗinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta bayyana cewa 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, ta sallame su. An yi ta muhawara a kan matakin, kuma kowane ɓangare yana da abin faɗa. Darasin da ya shafe mu a nan shi ne, al'ummar da ta yi sakaci da horar da malami takan wayi gari ba ta da zaɓi sai tsakanin abu biyu masu ɗaci: ta bar yara a hannun wanda bai iya ba, ko ta raba dubban magidanta da abincinsu. Idan aka yi irin wannan sakaci da ƙwarewar na'ura, nan gaba kaɗan za a sake tsayawa a wannan mararraba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tarihinmu ma yana da abin koyi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta so ilimi ya kai ga matan ƙauyuka. Tana da kayan aiki na zamaninta, wato waƙoƙin da ta tsara cikin Hausa da Fulatanci masu sauƙin haddacewa. Amma ba ta aika takardu ƙauye ta koma ta zauna ba. Ta zaɓi mata dattijai, ta karantar da su, ta naɗa su jajis, ta ba su malfa alamar girma, sannan ta tura su su karantar da 'yan taru. Ta fara da mai koyarwa, ta kuma haɗa horon da karramawa. Tsarin ya rayu bayan rasuwarta, domin a cikin mutane ta shuka shi.

Haƙƙin ɗalibi a kan malami

Adalci bai cika ba idan aka tsaya nan. Laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya; a wannan magana hukuma ce babba, amma malami ma yana iya yin ƙiwuya. Akwai malamin da aka ba shi dama ya ƙi, yana cewa shi da alli ya koya, da alli zai ƙare. Irin wannan yana mantawa da cewa ba don kansa yake tsaye a gaban aji ba.

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, WAEC ma ta fara bin sahu a 2024 da masu zana jarrabawa na ƙashin kansu. Yarinyar da ta yi shekara 6 a sakandare ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ranar jarrabawa abu biyu take fama da su, tambayoyi da na'ura, alhali takwararta ta birni da tambayoyi kaɗai take fama. Minti goman da za ta ɓata tana laluben inda za ta danna na iya zama abin da ya raba ta da jami'a. Ba ta yi laifin komai ba. Manyan da aka damƙa musu amanarta ne ba su shirya ta wa duniyar da ke jiranta ba.

Annobar korona ta ƙara fito da wannan fili. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, 'ya'yan masu hali suka ci gaba da karatu ta intanet, jihohi irin su Kano da Kaduna suka koma ga darussan rediyo da talabijin, miliyoyin yara kuma suka zauna haka nan. Wasu malamai, ba tare da an umarce su ba, suka riƙa naɗar darasi da muryarsu suna turawa iyaye ta WhatsApp. Ba su da wani kayan aiki na musamman sai wayar da ke aljihunsu da damuwa da ɗalibansu. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF suka buɗe dandalin darussa na kyauta mai suna Nigeria Learning Passport. Amma rijiya ba ta bin mutum gida. Sai an sami wanda ya san hanyarta ya kai yara.

Koyarwa amana ce, kuma amana tana tafiya da zamani. Likitan da ya ƙi sanin sabon magani don ya saba da tsoho, ba ma kiran hakan riƙo da al'ada. Haka malamin da ya daina koyo ya fara sauka daga kujerar malanta tun bai yi ritaya ba. Malaman zaure sun san wannan, shi ya sa za ka ga mai almajirai ɗari ya naɗe buzunsa ya tafi ɗaukar karatu wurin wani. Dattijon da na ambata ya zaɓi wannan hanya, kuma zama ɗalibi a hannun wanda ya haifa bai rage masa komai ba a idona sai ƙarin girma.

Wace irin ƙwarewa?

Za a iya kawo mini hujjoji biyu masu ƙarfi, kuma bai kamata in kauce musu ba.

Ta farko ita ce ta Sugata Mitra, wanda a 1999 ya dasa kwamfuta a jikin bango a wata unguwar talakawa a Delhi ta Indiya, yara suka koyi sarrafa ta ba tare da malami ba. Idan haka ne, me ya sa za a ɓata kuɗi a kan malami? Amsa ita ce, abin da yara suka koya da kansu shi ne sarrafa na'urar, wanda dama shi ne mafi sauƙi. Shi kansa Mitra daga baya ya shigo da manya masu ƙarfafa wa yaran gwiwa ta intanet. Sannan a irin wannan fage mai ƙarfi da mai baki su ke mamaye wuri; yaro mai kunya da wanda ke baya a karatu sai su koma 'yan kallo. Malami ne kaɗai ke lura da wanda ya yi shiru a kusurwa.

Ta biyu ta fi nauyi. A 2018 jihar Edo ta fara shirin EdoBEST, inda ake bai wa malami kwamfutar hannu ɗauke da darasin da aka riga aka tsara dalla-dalla, shi kuma ya bi. Masu goyon baya suna cewa idan malamai masu rauni sun yi yawa, gara a ba su rubutaccen darasi mai kyau da a bar su su yi ta kame-kame, domin yaro ba zai jira shekara 10 kafin a gyara malaminsa ba. Wannan magana tana da gaskiya, kuma ban ga laifin tsararren darasi ba idan sanda ce da mai koyon tafiya zai dogara da ita. Damuwata ita ce ranar da sandar za ta zama ƙafa. Malamin da aikinsa ya koma karanto abin da wani ya rubuta a ofis mai nisa, idan yaro ya yi tambayar da ba ta cikin na'ura, me zai ce? Idan misalin da aka rubuta na jirgin ƙasa ne, yaran kuma ba su taɓa ganin jirgi ba, wa zai musanya shi da amalanke? Horon da ya mayar da mutum bakin na'ura ya ci gaba ta fuskar tsari, amma ya rage wa malami abin da ya sa shi malami, wato hukunci da hankalinsa.

Saboda haka ƙwarewar da nake nufi hawa uku ce. Hawa na farko shi ne na hannu: kunnawa, rubutu, nemo bayani, adana shi, da gyara ƙananan matsaloli. Wannan makonni kaɗan ya isa idan na'urar tana hannun mai koyo. Hawa na biyu shi ne na koyarwa: sanin wane darasi ne na'ura za ta haskaka, wanne ne za ta dagula. Zagayawar jini a jikin mutum ko yadda duniya ke kewaya rana, hoto mai motsi na minti 2 ya fi zanen allo na awa guda. Amma koyon haɗa baƙi da wasali, ko sauraron yaro yana karatu da babbar murya, babu abin da ya kai kunnen malami. Hawa na uku shi ne na tantancewa, kuma shi ne mafi tsada. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ƙirƙirarriyar basira na iya rubuta wa ɗalibi insha'i cikin daƙiƙoƙi, takan kuma faɗi ƙarya da irin muryar da take faɗin gaskiya. A Hausa kuskurenta ya fi yawa, domin abin da aka rubuta da harshenmu a intanet bai taka kara ya karya ba. A nan fargabar sarkin Misira ta dawo da ƙarfinta, ta masu kama da ilimi babu ilimi. Malamin da bai san yadda waɗannan manhajoji ke aiki ba, ba zai gane aikin ɗalibi daga na na'ura ba, balle ya koya wa yaro tambayar da malaman hadisi suka gina ilimi guda a kanta: wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma amintacce ne?

Rahoton UNESCO na 2023 a kan fasaha da ilimi ya yi gargaɗi mai kama da wannan, cewa hujjoji masu inganci a kan amfanin na'ura a aji ba su da yawa, kuma wani kaso nasu daga masu sayar da kayan yake fitowa. Ƙwararren malami shi ne kariyar ƙarshe tsakanin yaro da ɗan kasuwa. Alamar cikar ƙwarewarsa ita ce ya san lokacin da zai ce a rufe na'ura a ɗauko littafi.

Kammalawa

Ba mu rasa wuraren da za a yi wannan aiki ba. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tun 1976 take koyar da malamai daga nesa, ga kwalejojin ilimi a kowace jiha, ga kuma hukumar yi wa malamai rajista da aka kafa a 1993. Abin da ya rage shi ne a sauya jerin abubuwa. Kafin a sa hannu a kwangilar na'ura, a ware kuɗin horo da na gyara da na wutar sola. Horon ya kasance a cikin makaranta, a kan darasin da malami zai koyar gobe, a riƙa maimaita shi zango bayan zango, maimakon bitar otal ta kwana 3. A fara da wayar da malami ya riga ya mallaka. A zaɓi malami ɗaya ko biyu a kowace makaranta su zama jajin 'yan uwansu, a kuma sa ƙwarewar cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma, domin wanda ya wahala ya ga amfanin wahalarsa.

Haƙƙoƙin nan biyu ba sa jiran juna. Hukuma ba za ta ce sai malamai sun nuna sha'awa ba, malami kuma ba zai ce sai hukuma ta cika alkawari ba, domin yaron da ke aji ɗaya bana ba zai tsaya a aji ɗaya yana jiran a sasanta ba. Amma idan za a auna nauyi, na mai iko da baitulmali ya fi. Mu kuma matasa da muka tashi da waya a hannu muna da namu kason: waɗanda suka koya mana baƙi da wasali suna nan a makarantun da muka baro, da yawansu suna son su koya, kunya ce kawai ta hana su tambaya. Zama da ɗayansu na awa guda a mako, cikin ladabi, ba a gaban yara ba, kaɗan ne daga bashin da suke bin mu.